Kwanon Awon Babanmu

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa ta mujallarmu shi ne wani abu da na gani da idona a hutun da ya wuce, wanda tun daga ranar ya hana ni sakat. Ni mutumin ƙasar Tsanyawa ne, malamin firamare, na shekara fiye da 20 ina riƙe da alli kafin Allah ya nufe ni da dawowa ƙaro ilmi, ga furfura ta fara leƙowa. Garinmu yana can ciki, nesa kaɗan da titin da ya tashi daga Kano ya bi ta Dawanau da Bichi, ya ratsa Tsanyawa ya nufi Kankiya da Katsina. Ba zan kama sunansa ba, domin akwai dattawa a cikin labarin, ni kuwa ba tonon silili na zo yi ba. Mai karatu in ɗan ƙauye ne, ya sa sunan garinsu a gurbin, na tabbata ba zai ga rigar ta yi masa yawa ba.

Ranar da na tafi gida ta dace da ranar kasuwarmu. Da gangan na shirya haka, don ina marmarin tsiren bakin kara. Na sauka a Tsanyawa bayan azahar, na hau bayan wani ɗan acaɓa muka kama hanyar gida. Muka yi ta tafiya tsakanin gonaki, ga gawo ga ɗorawa jefi-jefi, amma ban ga jaki ko ɗaya da mangala ba, ban ga mata Fulani a jere da ƙoren nono ba, ban ga mai jan akuya ba. Sai na ce wa yaron, "Samari, ko na yi ɓatan lissafi ne, yau ba kasuwa ba ce?" Ya yi dariya ya ce, "Ita ce mana, Malam. Ai sai dai suna." Da muka isa ana kiran la'asar, wato daidai lokacin da a da mutum ba ya jin maganar na kusa da shi saboda hayaniya, sai na tarar da mahauci ɗaya da rabin akuya, da masu kayan miya a gindin tsamiya, da mai robobi ya baza a ƙasa, da yayana zaune a kan tabarmar awo yana korar kaji. Sauran rumfunan kuwa, wasu sun rufta, wasu an ɗaure tumaki a ciki.

Kafin a gane abin da ya sa wannan gani ya taɓa ni haka, sai na faɗi ko mu su wane ne. Mu gidan ma'auna ne. Babanmu, Allah ya jiƙansa, awo ya gada wajen nasa uban, kuma da awon nan ya ciyar da mu, ya yi mana sutura, ya sayi littattafan da na yi karatu da su har na shiga makarantar horon malamai. Jarinsa duka bai wuce tabarma da ƙwarya da kwano ɗaya ba. Manomi ya kawo taikin gero ko dawa ko wake ya sauke gabansa, mai saye ya zo ya tsuguna, Baba ya auna, a ba shi la'adarsa. Kwanon nan na tasa ne, bakinsa ya suɗe saboda tsufa, kuma duk ƙauyukan da ke kewaye da mu an san shi. Akwai ma'aunan da ke da kwano biyu, babba na saye da wanda aka bubbuge gindinsa na sayarwa. Akwai masu tare bakin kwano da damtse in suna saye, don hatsi ya ƙara tsayi. Baba bai taɓa yi ba. Ya kan ce sura guda Allah ya saukar a kan masu tauye mudu, shi kuwa ba zai sayi wuta da cikin tafin hannu na gero ba.

Na fara bin sa kasuwa ina ɗan shekara 8 ko 9, aikina tsince hatsin da ya zube da riƙe bakin buhu. Kasuwa takan fara haɗuwa da hantsi, ta cika bayan azahar, ta tumbatsa da la'asar, ta watse da almuru. Tun daga bayan gari ake jin gunjinta kamar na ƙudan zuma. Kowace sana'a da layinta. Ga 'yan koli da allura da madubi da kwalli da tsakiya. Ga maƙera da fartanya da garma da lauje da magirbi. Ga dukawa da takalma da zabira da linzami. Ga masu tukwane da tulu da kasko, masu tabarmi da faifai da igiya, masu kanwa da gishiri da manda, ga wanzamai a inuwar kuka suna aski da ƙaho. Can gefe ga kara, inda dillalai ke kama hannun mai saye su ja shi gefe a yi ta raɗa har a ji an ce "Albarka" ko "Na sallama". Sarkin Kasuwa kuwa yana zagawa da sandarsa, duk inda gardama ta tashi can za a gan shi, kuma in ya yanke magana ta yanku.

A lokacin nan ban san amfanin kasuwa ya wuce alewa da rake ba. Sai da na girma na lura da ayyukan da take yi wa gari ba tare da kowa ya gode mata ba. Na farko, a nan ake yanke farashi a gaban idon kowa. Manomin da bai san baƙi ba, in ya zauna kusa da tabarmar Baba na ɗan lokaci, ya san kuɗin kwanon gero a yau, ya san na makon jiya, ba wanda zai ruɗe shi. Na biyu, a nan ake jin labari: inda aka yi ruwa, inda fara ta sauka, wanda ya rasu, wanda ya dawo daga ci-rani. Na uku, a nan ake ba da bashi a kuma karɓa, domin wanda ya ci amana a kasuwa ba shi da inda zai ɓoye fuskarsa mako mai zuwa. Aure nawa aka ƙulla daga haɗuwar ido a layin 'yan fura, Allah kaɗai ya sani. Na huɗu, wanda maza ba su cika tunawa da shi ba, kasuwa ita ce ƙofar matan da ke cikin kulle. Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967 ta kuma fitar da littafi a kan zaman ƙauyen Hausa a 1972, ta nuna yadda ciniki mai yawa yake gudana daga cikin ɗakunan mata ta hannun yara 'yan talla. Mu ba sai Baturiya ta gaya mana ba. Gwaggona, ƙanwar Baba, tun da mijinta ya rasu da daddawa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta riƙe marayu huɗu, kuma rabin cinikinta na mako a ranar kasuwa yake faɗuwa.

Wannan tsari ba a garinmu aka fara shi ba. Tarihi ya nuna Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi. Baturen nan Clapperton da ya shigo Kano a 1824 ya yi mamakin yadda aka tsara ta, har ya ba da labarin cewa in mutum ya sayi riga ko turkuɗi a ƙunshe ya kai Barno, ya buɗe ya tarar da algus, sai ya mayar da ita, domin sunan dillali yana rubuce a cikin ƙunshin, kuma dole dillalin ya nemo mai kaya a biya. Ashe tun can amana ce ke jawo mutum daga uwa duniya ya zo kasuwa, rumfa da daɓe daga baya suke. Ƙananan kasuwanni irin tamu su ne jijiyoyin da ke shayar da manyan. Kowace da ranarta, ɗan kasuwa ya yi ta kewayawa mako ya zagayo, abin da aka tara a ƙauye ya gangara birni, abin birni ya hauro ƙauye.

To, me ya ci kasuwarmu? Na zauna da yayana daren nan, na kuma zauna da Sarkin Kasuwa washegari, na haɗa da abin da na sani, sai na ga ba sara ɗaya ya kayar da itacen ba. Saran farko tun ina cikin tsumma aka yi shi. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama kuɗin talakan ƙasar nan. Da ita ake biyan haraji, da ita ake aure, da ita attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka yi suna, har aka riƙa tara ta dala-dala a birni. Baba ya ce a zamanin ƙuruciyarsa, in kaka ta yi, sai an kunna fitila ana awon gyaɗa. Sai farin 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya ta ƙarasa abin da fari ya rage. Gyaɗa ba ta sake komawa matsayinta ba. A 1986 kuma gwamnatin Janar Babangida ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, kowa ya kama gabansa. Kuɗin da ke shigowa gari a dunƙule lokacin kaka, wanda maƙeri da baduku da ɗan koli ke jira, ya ragu ƙwarai.

Sara na biyu hanya ce da abin hawa. An kafa kasuwar hatsi ta Dawanau a 1985, ta yi ta bunƙasa har ta zama inda ake lodin abinci zuwa Nijar da Chadi da Kamaru da kudancin ƙasar nan. Ga ta kuwa a kan titinmu. Da babura masu araha na ƙasar Sin suka cika ƙauyuka, tafiyar da jaki ke yini yana yi ta koma ta ɗan lokaci kaɗan. Mai buhu biyu ya ɗaure a bayan babur ya nufi Bichi ko Badume, inda masu saye suka fi yawa. Mai sa ko raƙumi ya jira Lahadi ya kai Dambatta ko Mai'aduwa. A nan ya kamata mu yi adalci: kasuwar ƙauye a ƙasar Hausa ba ta mutu ba. Wanda ya je Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis ya san da kyar ake samun wurin taka ƙafa. Abin da ya faru shi ne manyan da ke bakin kwalta sun ƙara ƙiba, ƙananan da ke lungu irin tamu suna ramewa, domin babbar mota ba ta shiga hanyarmu da damina.

Sara na uku ya faɗa kan masu sana'ar hannu. Bokitin roba ya kori tulu, silifa ta kori takalmin baduku, tabarmar roba ta kori ta kaba, dunƙulen miya na kanti ya raba Gwaggo da rabin masu sayen daddawarta. Ɗorawar ma da ake samun kalwa an sare da yawa an yi itace da gawayi. Sannan ga shaguna sun buɗe a kowace unguwa, sabulu da gishiri da ashana ba sai an jira mako ba. Layin maƙera da na sani da mutum wajen goma, yau saura tsoho ɗaya, 'ya'yansa duk suna Abuja da Legas suna acaɓa da gadi.

Sara na huɗu, wanda a ganina ya fi kowane zurfi, wayar hannu ce. Tun da ta shigo ƙasar nan a 2001 ta yi mana amfani mai yawa, ba mai musun wannan. Amma ita ce ta ɗauke ciniki daga fili ta kai shi zaure. Yanzu ɗan kwangila yana zaune a Dawanau zai bugo wa yaronsa na ƙauye, yaron ya bi gida-gida tun hatsi yana dami, wani lokaci ma tun yana gona, ya ba da kuɗi, mota ta zo ƙofar gida ta kwashe. Manomi yana murna an hutar da shi dako da la'ada, alhali bai san nawa maƙwabcinsa ya sayar ba. Malamanmu na addini sun sha karantar da mu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a tare masu kawo kaya a hanya kafin su iso kasuwa su san farashi. Da ina jin hadisin nan kamar na zamanin ayarin raƙuma ne. Ashe da mu ake.

Bayan waɗannan sai masifun 'yan shekarun nan suka zo suka tarar da mara lafiya a kwance. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, baƙin da ke gangarowa daga wajen Maraɗi suka ɗauke ƙafa. A 2020 annobar korona ta sa aka kulle jama'a a gida. A 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako, ta Katsina ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi saboda 'yan bindiga, fataucin dabbobi ya rikice har ya shafe mu. A farkon 2023 aka yi canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace. Na tuna canjin 1984 na zamanin mulkin soja, yadda tsofaffi suka fito da kuɗi daga cikin tukwane suna kuka, amma wancan kwanaki kaɗan ya ɗauka. Wannan kuwa watanni aka yi mai akuya yana riƙe da akuyarsa, mai gero da geronsa, ba abin da zai shiga tsakani. A watan Mayun shekarar aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka. Sannan a ƙarshen 2025 'yan bindiga suka fara tsallakowa suna taɓa ƙauyukan Tsanyawa da Shanono na bakin iyaka da Katsina, ya zama mai ɗan kuɗi a aljihu ba ya son almuru ta riske shi a hanya. Kasuwar da ake watsewa da magariba ta koma watsewa kafin la'asar.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka bari in faɗi nawa laifin. Shekara biyu da suka wuce, da lokacin biyan kuɗin rajista ya matso, ina da buhu 6 na wake. Wani yaro ya same ni da waya a hannu, ya haɗa ni da maigidansa, muka yi ciniki ban ga fuskarsa ba bai ga wakena ba, cinikin biri a sama. Kuɗi suka shigo asusuna kafin in kashe wayar, mota ta zo da asuba ta ɗauka. Daga ƙofar gidana zuwa tabarmar yayana bai kai tafiyar minti 5 ba. Da muka haɗu a masallaci bai ce mini komai ba sai, "Malam, na ga mota a ƙofar gidanka. Allah ya sa albarka." Bayan mako biyu na ji abin da aka sayar da wake a Bichi, na gane abin da na rasa ya ninka la'adar da na guje wa sau da yawa. Amma asarar kuɗin ba ta dame ni kamar kalmar nan ta Yaya ba. Ni da aka yi wa karatu da kwanon nan, ni ne na kewaye shi.

Daren da na isa, bayan mun ci tuwo, Yaya ya shiga ɗaki ya fito da kwanon a naɗe cikin tsumma ya ajiye gabana. Ya ce, "Ga kayan Baba. Kai ne mai ɗaki da makulli, ka adana shi. Ni bayan salla zan bi yaran nan Abuja, an ce ana samun gadi." Na ce, "Haba Yaya, da shekarunka?" Ya ce, "To in ci me? Yau tun safe kwano 14 na auna. Kai malami ne, yi lissafin la'adar." Na yi shiru, don ba ni da amsa. Da safe na shiga gaida Gwaggo, na tarar ta rage daddawar da take yi zuwa kashi ɗaya cikin uku. Ta ce jikarta takan dawo da tallan kusan yadda ta fita da shi. Ta ce, "Ɗan nan, ku da kuka yi boko ku ne za ku gaya mana, in kasuwa ta tashi, mu da ba ma fita ina za mu kai namu?"

Tambayar Gwaggo ce ta kai ni wurin Sarkin Kasuwa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, kasuwar nan tana tashi kuwa?" Ya ce, "Malam, mai kuɗi yana da babur, yana da waya, ko'ina kasuwarsa ce. Wannan ta gwauruwa ce da tsoho da mai kwano biyar. In ta mutu su aka kashe." Sannan ya nuna mini rasit ɗin da masu karɓar haraji ke yanka wa kowane mai tabarma duk mako, ya ce shekara da shekaru ana karɓa, ba a taɓa kafa ko dirka ɗaya ba, ba rijiya, ba makewayi. Wannan kuka ma tsoho ne, domin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Kitabul Farƙi ya soki abin da masu mulkin zamaninsa ke karɓa daga hannun 'yan kasuwa ba bisa haƙƙi ba.

Ban yarda da masu cewa a mayar da komai yadda yake a da ba. Tulu ba zai kori bokiti ba, jaki ba zai tsere wa babur ba, ni kaina ba zan jefar da wayata ba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Amma akwai abubuwan da na ga za su yiwu, kuma ba su fi ƙarfinmu ba. Na farko shi ne awo. Abin da ɗan kwangila ba zai iya ba manomi a zaure ba shi ne farashin fili da mudun gaskiya. In aka yarda da kwano ɗaya mai hatimi da sikeli ɗaya a hannun Sarkin Kasuwa, aka kafa allo ana rubuta farashin Dawanau da na Bichi kowace ranar kasuwa, to wayar da ta kwashe mana ciniki ita za ta riƙa kawo mana labarin, manomi kuwa ya sami dalilin fitowa.

Na biyu shi ne ajiya. Talaka yana sayarwa da kaka lokacin da hatsi ya fi araha, ya dawo ya saya da bazara lokacin da ya fi tsada. A Jamhuriyar Nijar ƙungiyoyin manoma sun daɗe suna wata dabara: a tara hatsi a sito ɗaya mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurin ƙungiya ɗaya wurin mai ba da rance, manomi ya karɓi wani abu ya biya buƙatarsa, in farashi ya tashi a buɗe a sayar. Mu ma za mu iya, da asusun ƙungiya irin na adashi wanda ba ruwa a cikinsa. Ga kuma buhun nan mai ciki uku da masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, wanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma tun 2007, yana tsare wake daga ƙwari ba tare da an zuba guba ba. Da akwai irin wannan sito a bakin kasuwarmu, da ban sallama wakena da asuba ba.

Na uku shi ne haƙƙinmu a wurin hukuma. Tsarin mulkin 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya ɗora kafa kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da kula da su a wuyan ƙananan hukumomi. Ranar 11 ga Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Saboda haka in mun je neman a zuba tsakuwa a hanyarmu, a haƙa rijiyar burtsatse, a gina makewayi na maza da na mata, ba bara muka je yi ba. Sai dai zuwa da kai ya fi aike, kuma takardar da mutum 200 suka sa wa hannu ta fi ta mutum ɗaya nauyi. Na huɗu, kowace kasuwa mai rai tana da abin da aka san ta da shi, Dambatta da shanu, Dawanau da hatsi. Mu wake da kaji da awaki da daddawa Allah ya hore mana, sai mu tsaya a kansu, a ware wa mata da 'yan tallansu rumfa mai inuwa, a kuma zaunar da mai na'urar cirar kuɗi a tsakiyar kasuwa don kada abin da ya faru a 2023 ya sake tsayar da mu. Game da tsaro kuwa, sai a matso da lokacin ci, a fara da safe a tashi da rana tsaka, har Allah ya kawo sauƙi.

Saura namu, mu 'yan Ƙungiyar Hausa. Muna rubuta kundaye a kan karin magana da waƙa, wannan kuwa daidai ne. Amma kalmomin kara da na layin maƙera da na ma'auna suna bakin tsofaffin da ba za su daɗe tare da mu ba, kuma ranar da rumfa ta rufta da kalmominta take ruftawa. Na tambayi 'yan ajina na firamare ma'anar taiki da mangala da zabira, ba wanda ya sani. Ina roƙon malamanmu su riƙa tura ɗalibai kasuwannin garuruwansu da littafi da alƙalami. In mun je kuwa, kada mu dawo da kalmomi kaɗai, mu sayo wani abu daga hannun masu su.

Kafin in dawo makaranta na mayar wa Yaya kwanon. Na ce masa ɗakina na makaranta ba wurin ajiye shi ba ne, can sai dai a sha gari da shi. Muka yi yarjejeniya a gaban Gwaggo: zai ɗaga tafiyarsa har bayan kaka mai zuwa, ni kuma duk abin da na noma bana a tabarmarsa za a auna shi, zan kuma shawo kan malaman makarantarmu su yi haka, sannan in rubuta takardar da za a kai hukuma. Takardar na rubuta, tana hannun Sarkin Kasuwa ana bi gida-gida ana dangwala yatsa. Ko za a amsa mana, ko kaka za ta yi kyau, ko Yaya zai iya jira, wannan yana wurin Mai Sama. Wanda duk hanya ta biyo da shi ta Tsanyawa a cikinku, ina gayyatarsa ya ratso, mahaucin nan ɗaya da ya rage har yanzu hannunsa bai mance tsire ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Wassalam.